Shekara Tara Ina Karɓar Haihuwa, Ba Wanda Ya San Ni

Gwaggo, ni ungozoma ce a wani asibitin gwamnati a Zariya. Ƙawata da muka gama makaranta tare ta yi suna a TikTok da Facebook, har ƙungiyoyi na gayyatarta taro Abuja, ni kuwa ko a unguwarmu ba kowa ya san aikina ba. Na buɗe shafi, wata uku ke nan mabiyana ba su kai 200 ba. Wani ya ce in kawo kuɗi ya sayo mini mabiya, wata ta ce in riƙa sa hotunan jariran da na karɓa. Maigidana bai hana ba, amma na ga fuskarsa ba ta sake ba. Ki taimaka mini da shawara.

'Yata, bari in faɗi abin da kika kewaye: kishin ƙawarki ke damun ki. Kada ki sunkuyar da kai, wa ya taɓa ganin sa'ansa a hoton babban taro zuciyarsa ba ta ɗan sosu ba? Amma wata uku kacal har kin fara haki? Ke da kika san ciki ma sai ya yi wata tara.

Mai sayar da mabiyan nan, ki sallame shi. Sunaye ne na bogi, ba mai ciki a cikinsu, ba mai jego. Ƙungiyar da za ta gayyace ki tambayoyin da ake miki za ta duba, da yadda kike amsawa.

Hoton jarirai kuwa, kul! Matar da ta kwanta a gabanki tana naƙuda amana ta ba ki. Ko katinta na awo kada ya faɗo cikin bidiyonki. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, kuma hukumar da ta ba ki lasisi tana iya karɓe abinta. Ki tuna da dangin miji ma, in suka ga ɗansu a wayar duniya tun kafin ranar suna, wa zai tare miki su?

To me za ki sa? Jarinki na nan a bencin awo. Ki sayi ɗan littafi, duk tambayar da aka yi miki sau uku ki rubuta ta. Shin a ba jariri ruwa lokacin zafi, alhali an ce nono zalla har wata 6? Me ake shafa wa cibiya, man goge baki da wasu ke sawa ko chlorhexidine da asibiti ke bayarwa? Sau nawa ake zuwa awo, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2016 aƙalla sau 8? Wane irin ciwon kai da kumburi ne ke nuna jijjiga na tafe? Ga wankan jego da kunun kanwa, waɗanda likitoci a garin naku suka daɗe da danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa. Ki ɗauki tambaya guda, ki amsa da Hausar da kakar jariri za ta gane, cikin minti ɗaya ko biyu, kuma ba da gatse ba, don ita ke riƙe da tukunyar ruwan zafin.

Sau biyu a mako ya isa, in dai ba fashi. Abin da ya fi ƙarfinki ki ce a ga likita. Kada ki rubuta wa kowa magani ta waya. Da kin fara yin suna masu kayan mata da maganin ƙiba za su zo da kuɗin talla, wasu ko lambar NAFDAC babu. Ranar da kika karɓa, ranar kika koma 'yar talla a idon mutane.

Ki buɗe LinkedIn, can ƙungiyoyi ke leƙawa, ki jera takardunki da shekarun aikinki ba ƙari. Ki riƙa adana bidiyoyinki a wani wuri daban. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu ƙwai a kwando ɗaya sun ji jiki.

Maigida kuma, ki zaunar da shi ki nuna masa bidiyon farko kafin kowa ya gani. Saƙonnin maza marasa aikin yi yake tsoro, kuma da gaskiyarsa. In fuska ce matsalar, murya da rubutu ma suna aiki.

Ku kuma sauran masu karatu, malamin gona, lauya, tela, na san akwai masu irin wannan ƙaiƙayin a cikinku. Ku daina tsoma baki a kowace rigima. Yau kai ne masanin siyasa, gobe malamin fiƙihu, jibi mai sharhin Kannywood, to wa zai tuna kai likitan dabbobi ne? Magana zarar bunu ce, zagin da ka goge da safe wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye.

'Yata, a makon nan ki kira ƙawar taki, ki taya ta murna da zuciya ɗaya, ki tambaye ta yadda gayyatar farko ta zo mata. Sannan ki rubuto mini abin da ta ce, ina son ji.