Darasin kimiyya: Daga ina leda ta fito, kuma don me ba ta ruɓewa?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na Adar, darasinmu na wannan wata a kan leda da kayan roba yake. Duk wanda ya ci kasuwar Lahadi ta Tawa ya ga bokiti, buta, bido, tiyo, igiya da buhu, duka na roba. Da yawa daga cikinsu daga masana'antun Najeriya suke shigowa. Suna da amfani, suna da lahani. Amfanin da lahanin tushensu ɗaya ne. Mu bi shi sannu sannu.

Iskar da ake kira etilen

Kowane abu a duniya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Masana suna kiran su atom. Biyu daga cikinsu za mu riƙe a yau: karbon, wanda shi ne mafi yawa a cikin gawayi, da haidirojin, wanda ke cikin ruwa.

Mu ɗauka karbon mutum ne mai hannu 4, haidirojin kuma mai hannu 1. Akwai wata iska mai suna etilen. A cikinta karbon 2 ne suka kama juna da hannu biyu-biyu. Da sauran hannuwan suna riƙe da haidirojin 4. Ga yadda ake rubuta ta: C2H4. Duk sinadarin karbon da haidirojin mai irin wannan riƙo biyu, sunan danginsa alken. Etilen ita ce ƙarama. Mai bi mata ita ce propilen, mai karbon 3.

Daga man fetur da gas ake samun su. Nijar tana da matatar mai, SORAZ, kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 don tace man Agadem. Amma fitar da etilen mai yawa aikin wata masana'anta ce dabam, inda ake gasa wani sashe na man da zafin da ya kai digiri 800. Ku tuna, ruwa yana tafasa a digiri 100.

Hannun da ke saurin sakewa

Cikin riƙon nan biyu, ɗaya yana da ƙarfi, ɗayan yana saurin sakewa. In ya sake, kowane karbon ya samu hannu guda wanda babu komai a cikinsa, sai ya kama abin da ya samu. In ya kama ruwa, a samu alkol, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura. In ya kama kulorin, a samu sinadarin da ake yin tiyon PVC da shi.

In kuma babu kowa kusa sai ƴan uwanta, etilen takan kama etilen. Ta farko ta kama ta biyu, ta biyu ta kama ta uku, har dubbai, kamar ayarin raƙuman gishiri da aka ɗaure da igiya guda. Wannan dogon ayari shi ne polietilen. "Poli" a harshen Girka yana nufin "da yawa". A Ingila aka gano hanyar yin sa a 1933. Da shi ake yin leda da bido. Ayarin propilen kuma shi ne polipropilen, wanda ake saƙa buhun taki da igiya da shi.

Ku duba gindin bokitinku. Sau da yawa akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 2 da 4 polietilen ne, 5 polipropilen, 3 kuma PVC.

Amfaninsa ga manomi

Da ayarin ya haɗu, hannu mai saurin sakewa ya ƙare, saura riƙo mai ƙarfi kaɗai. Ruwa ba ya shiga leda, iska kuma da ƙyar take ratsa mai kauri. Shi ya sa buhu mai riɓi uku da ake kira PICS yake tsare wake. Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro shi, masana na INRAN a Maradi suka gwada shi, aka soma yaɗa shi daga 2007. Leda 2 ne masu kauri cikin buhun saƙa 1. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwaron wake ya shaƙe ƴar iskar da ta rage, ya mutu, ba tare da an sa magani ba. A kiyaye buhun daga ɓera da rana. In ya huje, aikinsa ya ƙare.

Tumatir da mangwaro ma suna fitar da etilen in sun soma nuna, ita ce ke nunar da na kusa da su. Masu lambun Tabalak da Keita, in za ku kai kaya nesa, ku ware nunanne da wanda ya fashe daga ɗanye.

Lahaninsa

Ƙarfin nan shi ne kuma matsalar. Kara da takin dabbobi suna ruɓewa saboda ƙananan halittun ƙasa suna cin su. Ba su iya tsinka ayarin leda. Rana tana farfasa ta, amma gutsattsarin suna zama cikin gona shekara da shekaru.

Da rani, in ciyawa ta ƙare, akuya da saniya suna cin leda mai ƙanshin abinci. Ba ta narkewa. Takan dunƙule cikin tumbi, dabba ta daina ci, ta rame, wani lokaci ta mutu. Ku tambayi mahauta, sun sha ciro ta. Hayaƙin PVC kuma yana da guba, yana ƙona huhu. Saboda irin wannan ɓarna, a 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da siraran leda da sayar da su. Doka ba ta tsince gona, sai masu gonar.

Abin da za mu yi

1. Mu je kasuwa da kwando ko ƙwarya ko buhun da za mu sake amfani da shi.
2. Mu tsince leda daga garke, bakin rijiya da gona, mu tara ta inda dabba ba ta kai.
3. Kada mu hura wutar girki da leda ko tsohon tiyo.
4. Kada mu zuba ruwan sha ko mai a bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari.
5. Dabbar da ke ramewa ba dalili, a kai ta wurin likitan dabbobi.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Karbon nawa da haidirojin nawa ke cikin etilen?
2. Don me leda ba ta ruɓewa kamar kara?
3. Me ke kashe ƙwaro a cikin buhu mai riɓi uku?
4. A garinku, ina leda ta fi taruwa, kuma wa zai jagoranci tsince ta?

Ku rubuta amsoshinku, malaminku ya aiko mana da su.