Idan ƙawarki ɗaliba ta ce an yi mata fyaɗe

Ke da kuke kwana ɗaki ɗaya a makaranta, wataƙila ke za ta fara faɗa wa. Ki saurare ta. Kada ki tambaye ta me ya kai ta ɗakinsa. Sau da yawa ba baƙo ba ne: ɗan ajinsu ne, ko malami, ko saurayinta, kuma soyayya ba ta ba shi izini ba.

Ki raka ta asibiti yau, kada ku jira gobe. Maganin kariya daga cutar sida sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Ƙwayar hana ɗaukar ciki tana aiki har kwana 5, amma da wuri ta fi ƙarfi. Kayan jikinta kada a wanke, a naɗe su cikin takarda, ba leda ba. Ko ta riga ta yi wanka, ku zo. Ku karɓi takardar likita. Kai ƙara kuwa ita ke da zaɓi.

Bayan makonni za ki iya ganin ba ta barci, tana gudun aji. Ba lalaci ba ne. Ki nema mata mai ba da shawara a makaranta ko asibiti. Kafin ta buɗe baki, ta tambaye shi: wa kuma zai ji maganar nan?