Yadda Za Ka Haɗa Kwamfutocin Ofis a Kan Uwar Kwamfuta Ɗaya

A ƙaramin ofis, irin na magajin gari ko asibiti ko makaranta a Agye, Gazawa da Gidan Rumji, takardu kan yi ta yawo cikin kile (USB) daga wannan teburi zuwa wancan, har a rasa wace ce ta ƙarshe. Maganin wannan shi ne a ware kwamfuta ɗaya ta zama uwa: a cikinta ake ajiya, ta wurinta ake buga takarda, daga gare ta ake kwafe komai. Ka tanadi kwamfuta mai lafiya, suwic da wayoyin haɗi, ondilar mai riƙe wuta, firinta, da diski biyu na waje.

1. Fara da wuta da wurin zama. Wutar yankin nan tana zuwa ne ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023. Ko ba wannan ba, ɗaukewa da dawowar wuta na kashe diski tun kwanansa bai ƙare ba. Jona uwar da suwic a ondilar. Kada ka jona firinta mai laza a jikinsa, za ta zuƙe batirin nan take. Ɗora uwar kan teburi, nesa da taga, saboda ƙurar hunturu da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40.

2. Saka Ubuntu Server 24.04. Kyauta ne, kuma za a ci gaba da gyara shi har 2029. In intanet ɗin garinku ba ƙarfi, sauko da shi a Maradi ka zo da shi cikin kile. Hattara: sakawar tana share duk abin da ke cikin diskin, don haka kwashe tsofaffin takardu tukuna.

3. Ba uwar adireshi tsayayye, misali 192.168.1.10. In ka bar shi yana canjawa, wata safiya kowa zai neme ta ya rasa. Haɗa ta da suwic ta waya, kada ka dogara da wifi.

4. Kafin ka sake taɓa na'ura, ɗauki takarda da biro ka zauna da shugaban ofis. Wa ya kamata ya ga takardun kuɗi? Wa ke rubuta takardun haihuwa, wa zai karanta kawai? A nan ne yawancin masu koyo ke gaggawa, su buɗe jaka ɗaya wadda kowa ke shiga yana gogewa. Ware jaka ga kowane sashe, da ɗaya ta kowa da kowa. Sannan saka Samba, manhajar da ke sa kwamfutocin Windows su ga jakunkunan. Kwafi fayil ɗin smb.conf ka ajiye gefe kafin ka gyara shi, in ka gama ka buga testparm ya nuna maka kuskure.

5. Buɗe wa kowane ma'aikaci suna nasa. Fara da adduser, sannan smbpasswd -a da sunan; in ka juya tsarin, ba zai karɓa ba. Kada mutum biyu su yi tarayya a suna ɗaya, ko da aminai ne. Ranar da aka yi wa wani canjin wurin aiki, rufe sunansa a ranar.

6. Je ga kwamfutar ma'aikaci ɗaya ka rubuta \\192.168.1.10 a wurin neman fayil. Ajiye takarda, buɗe ta daga wani teburi. Gwada shiga jakar da ba ta shafe shi ba, dole ta ƙi.

7. Jona firinta da uwar, ka saka CUPS, manhajar buga takarda. Buga cupsctl --remote-admin --share-printers, sannan ka buɗe 192.168.1.10:631 a burauza ka ƙara firintar. Zaɓi takarda A4, ka buga shafin gwaji daga kowace kwamfuta.

8. Yanzu ga babban aikin, wato kwafin ajiya. Ƙa'idar ita ce kwafi uku: na cikin uwar, na diskin da ke jone, da na diskin da ke wani gini daban. Yi amfani da rsync wajen kwafewa, ka sa cron, mai tayar da aiki kan lokaci, ya tayar da shi kullum. Masu wannan sana'a kan ce a yi da dare, amma a ofishin da ake kashe komai in an tashi, wannan shawara ba ta da amfani. Sa shi lokacin hutun Azahar. Kada ka yi saurin amfani da --delete, domin abin da aka goge bisa kuskure da safe zai ɓace a kwafin ma da rana. Kowace Juma'a ka musanya diskin biyu, ka kai ɗayan wurin ajiya mai makulli. Da yake sunayen mutane da lamurransu ne a ciki, sa wa diskin kalmar sirri. Damina kan yi ɓarna, ɓarawo kan shigo, kuma duk abin da ke ɗaki ɗaya tare yake tafiya.

9. Sau ɗaya a wata, ɗauko takarda ɗaya daga diskin ajiya ka buɗe ta. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san yana nan ba. A ranar ce kuma za ka kashe na'ura ka hure ƙurar cikinta, ka duba ko batirin ondilar na riƙe wuta.

Sayi ƙaramin littafi ka rubuta adireshin uwar, sunayen jakunkuna da ranar kowane gwaji. Kalmar sirrin shugabanci kuwa, rufe ta cikin ambulan ka miƙa wa shugaban ofis, kuma ka koya wa mutum na biyu waɗannan matakai tun kana nan.