Fatalwa a Hostel: Kafin Ka Ruga, Duba Ɗakin

Kowane hostel da fatalwarsa. A na mata akwai mai farin mayafi da ke tsayuwa bakin famfo da tsakar dare, a na maza akwai mai yawo a baranda, ana jin takun takalminsa amma in an leƙa babu kowa. Tun ina ND I nake jin waɗannan labarai, yawanci kuma “abokin ɗan ɗakinmu” ne ya gani. Amma akwai waɗanda da idonsu suka ga wani abu, jikinsu na rawa in suna ba da labarin, kuma ba maƙaryata ba ne. Su ne suka sa na yi wannan rubutu.

To, akwai fatalwa? Abin da malamanmu na Islamiyya suka koya mana shi ne wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa ya yi sintiri a baranda. Aljanu kuwa akwai su, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, ni ba ni da ja a kan wannan. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da tasu fahimtar game da ruhohi. Sai dai yarda da gaibu ba ta sa kowace inuwa da ta gifta ta zama gaibu. A wokshof an koya mana in inji ya ƙi tashi a fara duba mai da fulogi kafin a kwance shi.

Na farko a duba shi ne barci. Duk mun san dannau: ka farka, kana ganin ɗakin, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, kamar an ɗora maka buhun siminti a ƙirji, wani lokaci har da baƙin mutum tsaye a kanka. A barci akwai matakin da ake yin mafarki, a lokacin ƙwaƙwalwa takan kulle tsokokin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani sa'in hankali ya riga jiki farkawa. Jiki na kulle, mafarkin bai gama ba, sai ya malalo cikin ɗakin da kake kallo. Yakan ɗauki 'yan sakanni zuwa 'yan mintoci ya sake ka. A 2011 Brian Sharpless da Jacques Barber sun tattara bincike 35 a kan wannan, suka samu kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, amma a tsakanin ɗalibai adadin ya kai 28 cikin 100. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san TDB ɗin makon jarrabawa: rashin barci, Nescafe kofi uku, ga fargabar carry-over. Kwanciya rigingine ma na ƙara jawo shi, don haka kwanciya a gefen dama da aka hore mu da ita tun muna yara tana da riba biyu. Mutanen Jafan ma na fama da shi, kanashibari suke kiransa.

Ido shi ma yana da nasa sharrin. An halicci ƙwaƙwalwa da saurin gano siffar mutum ko da a 'yar alama, shi ya sa in NEPA ta ɗauke wuta, doguwar rigar da ka rataye da hannunka a ƙusa take komawa baƙo.

Labarin da ya fi burge ni a matsayina na ɗan injiniyarin shi ne na Vic Tandy, wani injiniya a Ingila. Yana aiki da dare a ɗakin gwaji na wani kamfanin kayan asibiti da ma'aikata suka daɗe suna cewa ba lafiya ba, sai ya ji gumi mai sanyi, ya hango wata siffa mai ruwan toka ta gefen idonsa. Da ya waiwaya ta ɓace. Washegari ya ɗaure siririn takobinsa na wasa a jikin bais don ya gyara shi, sai ya ga ƙarfen yana karkarwa shi kaɗai. Maimakon ya ruga, sai ya bi diddigi, ya gano wata sabuwar fankar zuƙe iska ce ke fitar da sauti mai girgiza kusan sau 19 a sakan ɗaya. Kunnen ɗan'adam daga wajen 20 yake fara ji, wato sautin na nan amma ba a jin sa. Da aka gyara fankar, fatalwa ta yi ƙaura. Shi da Tony Lawrence suka wallafa labarin a 1998. Amma kada mu ɗora wa fanka duk laifin duniya. A 2009 Farfesa Chris French da abokan aikinsa a Landan sun fitar da sakamakon wani gwaji, inda suka shigar da mutum 79 wani ɗaki ɗaya bayan ɗaya, wasu da irin wannan sauti a kunne, wasu babu. Da yawa sun ce sun ji baƙon abu, amma jin nasu bai bi kunnawa ko kashe na'urar ba. Abin da aka riga aka sa maka a rai kafin ka shiga wuri yana aiki fiye da yadda muke zato.

Duk waɗannan tsoro kawai suke bayarwa. Wanda ke kisa shi ne hayaƙi. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka koma wani tsohon gida a 1912. Suna jin taku da ƙarar ƙararrawa, suna ganin mutane a bakin gado, suna jin ana danne su cikin dare, ga ciwon kai da kasala, har furannin cikin gidan suka bushe. Da aka bincika, murhun ɗumama gidan ne ya lalace, yake turo musu iskar kabon monoksaid cikin ɗakuna. Aka gyara murhu, gane-ganen suka tsaya.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa ne idan fetur, gawayi, kalanzir ko gas suka ƙone ba tare da isasshiyar iska ba. In ta shiga jini tana manne wa sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin sama da sau 200, sai ƙwaƙwalwa ta fara yunwa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ruɗewa, daga nan barcin da ba a tashi. Yanzu ku tuna gidajen hayarmu na bayan makaranta. Janareta a lungun koridor saboda tsoron ɓarayi, ko a baranda dab da taga. Hunturu ya zo, an toshe taga da kwali, an shigo da murhun gawayi don ɗumi ko ruwan wanka, mutum huɗu sun kwanta a ɗaki ɗaya.

Alamar da ya kamata ta tayar maka da hankali ita ce ciwon ya kama duk 'yan ɗakin tare, ya lafa in kun fita lakca, ya dawo in kun dawo. In ɗan ɗakinku ya tashi cikin dare yana sambatu, yana cewa ya ga wani, kai ma kanka na sarawa, ga janareta ko gawayi a kusa, to kada ku zauna a ciki kuna tofi. Ku fitar da shi waje tukuna, addu'a tana karɓuwa a tsakar gida ma. A buɗe ƙofa da taga, a kashe injin, a wuce kilinik, a kuma faɗa wa ma'aikacin jinya cewa akwai hayaƙi a ɗakin, domin oksijin ake ba mai wannan matsala, ba maganin maleriya ba. Janareta kuwa wurinsa waje ne a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansarsa na kallon nesa da ɗaki. In ɓarawo ake tsoro, a haɗa kuɗi a kai wa mai walda ya yi masa keji da kwaɗo.