Kafin Ka Zuba 'Yan Haya a Gidan da Kake Kwana

Sana'ata dillancin gidaje da filaye ce a Faskari. Yawancin ƙorafin da ake kawo mini daga gida iri ɗaya yake fitowa: wanda mai shi ya tare a sashe guda, ya ba da sauran haya. Mai gidan da ke zaune Funtuwa ko Kaduna, kuɗinsa kawai yake jira, ba kasafai ake jin kansa da kowa ba.

Irin wannan zama ya yawaita tun da 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyuka. Bayan harin Kadisau na watan Yunin 2020, da waɗanda suka biyo baya har yankin Sabuwa da Ƙanƙara, jama'a sun kwararo cikin gari da iyalansu. Mai ɗakuna biyu ko uku da ba kowa a ciki sai ya wayi gari yana da 'yan haya. Wani don taimako ya yi, wani don kuɗin cefane, kuma duka halal ne. Inda gizo ke saƙar shi ne da baki ake ƙulla komai: "Ku shigo, ai mun zama ɗaya."

Kunya ce ke ɓata zaman. Mutumin da kuke gaisawa a zaure kullum, kuke sahu ɗaya a masallaci, da wuya ka dube shi ka ce wata ya ƙare. Sai maigida ya haɗiye, uwargida kuwa ba za ta haɗiye ba. Maganar kuɗin haya sai ta ɓullo a kan igiyar shanya, ko faɗan yara, ko waye ya bar masai ba a wanke ba. Kafin a zo wurina, mata sun daina gaisawa.

Don haka a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, babu rashin yarda a ciki. Takarda ɗaya ta isa, da boko ko da ajami: nawa ne, yaushe za a biya, wata nawa za a ba mutum idan ana son ɗakin. In manomi ne, a sa biyan ya faɗo da kaka, lokacin da ya sayar da masara ko waken suya. Neman kuɗi a hannunsa tsakiyar damina neman rigima ne. A faɗi yadda za a raba kuɗin wuta, da na kwasar masai, da wanda zai gyara rufi idan ya yi yoyo.

Sai maganar ƙofa, wadda aka fi rainawa. Gidan da ake kulle, a sa baƙon namiji ya riƙa ratsa tsakar gida safe da yamma, ba zai zauna lafiya ba. Fasa ƙofa ta waje da 'yar katanga da makewayi na daban sun fi kowane sulhu araha. Kai ma maigida, sashen da ka karɓi kuɗinsa ya fita hannunka har wa'adi ya cika. Ba ka faɗawa ciki ba sallama, ba ka cire ƙyaure ko ɗaye kwano don an makara biya. Akwai mai unguwa, akwai kotu.

Kuma a halin da muke ciki, kada ka ba kowa makulli sai ka kai shi gaban mai unguwa tare da wanda ya san shi. Mutumin kirki ba zai ji haushin haka ba, shi ma kariya ce gare shi.

Roƙona ga masu gidaje: wanda ya gudo ya bar gona da rumbu, kada ku ninka masa haya don kun ga ba shi da wurin zuwa. Ku yanka abin da zai iya biya, ku rubuta, ku ba shi rasit duk lokacin da ya biya.