Kafin Ki Kai Takardunki Makarantar Jinya

'Yata, ranar da kika zo gaishe ni da jakar takardunki a hammata, kika ce shekara 9 ke nan rabonki da kwaleji kuma kina son komawa ki zama nas, na ji daɗi har cikin raina. Yara sun tasa, Allah ya kawo lokaci. Sai dai na lura kin ɗauka duk kiredit ɗin da kika tara zai bi ki sabuwar makaranta kamar yadda kayan ɗaki ke bin amarya. Zauna ki ji abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin jinya a nan Bronx.

Kiredit ba ya ruɓewa, yana nan a takardar sakamakonki. Amma a Amurka kowace makarantar jinya ita ke yanke wa kanta wanda za ta karɓa. Turanci, tarihi, ilimin halayyar ɗan Adam, galibi ba a tambayar shekarunsu; a nan kam da tsohuwar zuma ake magani. Inda ake tsanantawa shi ne kimiyya: ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, kashi na ɗaya da na biyu, sai ilimin ƙwayoyin cuta da kemistiri. Makarantu da yawa suna so a ce an yi su cikin shekara 5 ko 7 da suka wuce, wasu har 10, tare da aikin ɗakin gwaji, da makin da bai gaza C ba. A inda masu nema suka yi yawa, C ɗin ma sai ya bar ki a bakin ƙofa, don da makin waɗannan darussa ake jera ku.

Ni ma sai da na maimaita. Na zo Amurka da karatun da na yi a ƙasarmu, ina da shekara 38, aka ce in koma ajin sassan jiki. Ranar a cikin jirgin ƙasa na yi kuka, ina ganin an raina wahalata. Haka na zauna cikin yara sa'annin 'ya'yan yayata, ina sake haddace ƙasusuwa 206 bayan na sallaci isha'i. Shekaru bayan nan, wani dare wajen ƙarfe uku, sakamakon jinin wani dattijo ya fito, fotashiyam ɗinsa ya haura 6, alhali a ƙa'ida wajen 3.5 zuwa 5 yake tsayawa. Shi yana kwance lafiya lau, har yana tambayata ruwan sha. Ni kuwa na san abin da wannan adadi kan yi wa bugun zuciya, ban tsaya buɗe littafi ba na kira likita. Ajin da na yi wa kuka ne ya tsaya mini a daren. Saboda haka in an ce ki sake kimiyya, kada ki ɗauke shi ci-baya.

Amma kada ki biya ko sisi sai kin tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ki rubuta wa sashen jinyar kansa imel, ba ofishin ɗaukar ɗalibai kaɗai ba, ki jera musu sunan kowane kwas da shekarar da kika yi shi, sannan ki adana amsar. Maganar baki ba ta zama hujja ranar da ma'aikacin ya canja wurin aiki. Ki kuma tambaye su yadda suke lissafa kwas ɗin da aka maimaita, domin wasu sabon maki suke ɗauka, wasu kuma su haɗa shi da tsohon.

Takardar sakamako kuwa, tsohuwar kwalejinki ce za ta aika da ita kai tsaye. In a ambulan aka ba ki, kada ki buɗe. Da zarar an yage hatimin, ta tashi daga ta hukuma. Kowace kwaleji kika taɓa shiga ki bayyana ta, har wadda kika bari a tsakiya lokacin goyo. Ɓoyewa ta fi mummunan maki haɗari. In kina da tsohon tsarin darasin da malami ya raba, nemo shi, shi ke nuna musu abin da aka koya muku. Ƙawarki da ta yi karatu a Kumasi kuma, ki gaya mata sai an auna nata takardun a wata cibiya irin WES, kuma abin yana cin lokaci, ta fara da wuri.

Abu ɗaya nake roƙon ki da shi: kada gaggawa ta kai ki makarantar da ta ce za ta karɓi komai ba tambaya. Ki tabbatar jiha ta amince da ita, don ki iya zama jarrabawar NCLEX ta samun lasisin nas, kuma tana da shaidar inganci ta ACEN ko CCNE. Darussan da za ki sake, kwalejojin unguwa irin Hostos sun fi sauƙin kuɗi, muddin makarantar da kike nema ta ce za ta karɓa.

Ranar Asabar ki kawo mini yaran su wuni a nan, ke ki zauna ki rubuta wasiƙun nan. Littafina na sassan jiki yana cikin akwati, zan fito miki da shi kafin ki iso.