Kafin Ka Ɗaura Kilt Zuwa Taron Kasuwanci

Wani ɗan'uwa da aiki ya kai Abadin, birnin man fetur na Sikotlan, ya tambaye ni ko ya dace ya je taron kamfani da kilt, zanen ulun nan mai tattara da mazan ƙasar ke ɗaurawa.

Ɗan'uwa, fara da tambayar mai gayyata. Su kansu 'yan ƙasar kwat da wando suke sawa zuwa ofis. Kilt kayan biki ne da walima, kamar daren tunawa da mawaƙi Robert Burns na 25 ga Janairu. Kuma ba tufar wasa ba ce: a 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta ta a yankin tsaunuka, ba a janye dokar ba sai 1782. Shi ya sa nake so baƙo ya sa ta da ladabi.

Idan an ce ka sa, to kayan rana za ka nema. Kwat ta ulu mara ƙyalli, farar riga, laktaye dogo. Gajeriyar baƙar kwat mai maɓallan azurfa, wadda suke kira Prince Charlie, ta liyafar dare ce. Kada ka shiga taron safe da ita. Haka zabirar da ake ratayawa a gaba, wato sporran, tunda kilt ba shi da aljihu: ta fata zalla ita ce ta rana, mai gashi da ado ta dare.

Wajen ɗaurin ne baƙi ke yawan kuskure. Tattarar a baya take, gaba shimfiɗe, shafi biyu ɗaya kan ɗaya. Ɗaura shi sama, wajen cibiya, bakinsa ya tsaya a tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Allurar ado kuwa a shafin sama kaɗai ake soke ta. In ka haɗe shafi biyu, taku zai gagare ka, yadin ma ya yage. Da za ka zauna, sa hannu ka share tattarar zuwa ƙarƙashinka, ka bar zabirar ta danne gaban. Gwada wannan a gida tukuna.

Launukan kilt sukan nuna dangi, don haka zaɓi na kowa da kowa, irin Black Watch. 'Yar wuƙar da ake sokewa a safa, bar ta a masauki in akwai masu bincike a ƙofa.

In kuma katin gayyata ya ce kayan gargajiya, babbar rigarka da hula ma sun wadatar.